Sauri Ko Yalwa: Darasin Da Na Koya Wurin Zaɓen Ma'adanar Kwamfutar Wasa

Gabatarwa

Na san masu karanta wannan mujalla tamu sun fi sabawa da maƙalu a kan nahawu da adabi da al'ada, saboda haka ba mamaki wani ya ga kan wannan rubutu ya ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya biyo ni a sannu. Labari ne na wani zaɓi da na yi a kasuwa cikin shekarar 2023, wanda na ɗauka iyakarsa wasan kwamfuta, ashe zai taɓa karatuna, ya kuma taɓa amanar wani dattijo wanda a bakinsa na fara jin Hausa.

Yadda Abin Ya Faro

Ni haifaffen Agege ne a jihar Legas, kuma tun ina makarantar sakandare Allah ya jarrabce ni da son wasan kwamfuta, wato abin da matasa ke kira gem. A wancan lokaci sai dai mu je shagon masu gem mu biya kuɗi, a ba mu minti goma mu buga ƙwallo, da lokaci ya cika a karɓe abin bugawa a miƙa wa na baya. Tun daga nan na ƙudura a raina cewa wata rana sai na mallaki tawa, wadda ba mai tsaya mini a ka yana duba agogo.

A dogon hutun shekarar 2023 na duƙufa neman kuɗi. Da safe in koyar da yaran maƙwabta lissafi, da yamma in buga wa mutane takardu a wani shago. A watan Yuni na wannan shekara aka saki naira ta nemi wa kanta daraja a kasuwa, sai farashin duk wani abu da ake shigowa da shi daga waje ya riƙa hawa. Abin da ka taya yau, in ka dawo bayan mako biyu sai ka ji wani labari. Ganin haka na ce gara in hanzarta da abin da ke hannu.

Ina da wani aboki Bahaushe ɗan unguwarmu, tare muka tashi, yana gyaran kwamfuta a kasuwar Computer Village da ke Ikeja. Shi ya ba ni shawara kada in sayi haɗaɗɗiya, mu tsinci kayan ɗaya bayan ɗaya daga cikin na hannu, waɗanda a nan Kudu ake kira tokunbo, shi zai haɗa mini. Haka kuwa aka yi. Muka sami katin hoto samfurin GTX 1060 mai gigabayit 6, da sauran kayan ciki, da akwatin da za a zuba su. Sai ya rage abu ɗaya, wato ma'adana, inda babbar manhaja da wasanni da duk wani abin da mutum ya ajiye suke zama ko da an kashe kwamfuta. Kuɗin da suka rage mini ba za su sayi biyu ba. Abokina ya ɗora mini abu biyu a kan tebur. Ɗaya mai nauyi ce, ta hannu, tana ɗaukar terabayit 2, wato gigabayit dubu biyu. Ɗayar sabuwa ce, shafal kamar ba komai a cikinta, tana ɗaukar gigabayit 500 kacal. Kuɗinsu kusan ɗaya. Ya ce in zaɓa.

Mai Faifai Da Marar Faifai

Kafin in faɗi wadda na ɗauka, ya kamata in bayyana wa mai karatu bambancinsu. Ta farkon 'yan kasuwa suna kiranta HDD, ta biyun kuwa SSD. Tun da mu ɗaliban harshe ne, ni na fi son in kira su ma'adana mai faifai da ma'adana marar faifai, domin a nan ainihin bambancin yake.

A cikin mai faifai akwai faya-fayai masu sheƙi waɗanda aka shafe da sinadarin maganaɗisu. Da an kunna kwamfuta sai su kama juyawa, galibi sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Mai 7,200 tana yin juyi 120 ke nan a kowace daƙiƙa. Akwai kuma wani ɗan hannu mai kai kamar allura da ke kai da kawowa a saman faifan yana rubutu yana karantawa. Allurar ba ta taɓa faifan, tana shawagi ne a kan iskar da juyin ya tayar, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashi ɗaya da aka tsaga gida dubu ba. Wannan dabara ta daɗe. Kamfanin IBM na Amurka ya fito da ita a shekarar 1956, a cikin wata na'ura mai faya-fayai 50, kowane faɗinsa inci 24, amma duk abin da take ɗauka bai wuce haruffa wajen miliyan 5 ba. Hoto ɗaya ko biyu na wayar yau sun isa su cika ta.

Ita kuwa marar faifai babu abin da ke motsi a cikinta. 'Yan ƙananan gidaje ne bila adadin da ke riƙe ɗigon lantarki, irin dai na memorin waya da filash. Wani injiniya ɗan ƙasar Japan mai suna Fujio Masuoka ya ƙirƙiro wannan nau'in ajiya a kamfanin Toshiba cikin shekarun 1980. Tun da ba sai an jira faifai ya juyo ko allura ta iso ba, duk abin da aka nema nan take ake samunsa.

Mai faifai ta kwamfutar tebur takan karanta tsakanin megabayit 100 zuwa 200 a daƙiƙa idan bayanan suna jere wuri ɗaya. Marar faifai da ake haɗawa da wayar SATA takan kai wajen 550. Akwai kuma wata siririya mai kama da cingam, ana kiranta NVMe, wadda ake sokawa kai tsaye a jikin babban allon kwamfuta, tana kaiwa 3,500, sababbin ma har 7,000 ko fiye. Amma inda tazarar ta fi fitowa shi ne wurin tsintar ƙananan bayanai da suke a warwatse. Kafin allura ta je ta samo guda ɗaya, wanda kan ci wajen kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, marar faifai ta samo kusan ɗari. Wasan kwamfuta kuwa dubban ƙananan abubuwa ne, ga hoton ciyawa, ga fuskar ɗan wasa, ga ihun 'yan kallo, duk sai an tattaro su kafin a fara.

Muhawarar Da Muka Yi

Abokina bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce, "Mutumina, ɗauki ƙaramar nan. Duniya ta bar faifai a harkar gem." Ya tuna mini cewa PlayStation 4 da ta fito a 2013 da mai faifai ta zo, amma PlayStation 5 da Xbox Series X da suka fito a watan Nuwamba na 2020 duk marar faifai aka sa musu, kuma masu ƙirƙirar wasanni da su suke auna aikinsu. Ya ce wasu sababbin wasannin ma sun fara rubutawa ƙarara cewa sai da SSD. Maganarsa kuwa ta tabbata, domin Starfield da ya fito a watan Satumba na 2023 da wannan sharaɗi ya zo.

Ni ma ina da hujjata, kuma har gobe ban ce hujjar banza ba ce. Na ce masa ya dubi girman wasannin zamani. Red Dead Redemption 2 kaɗai yana neman gigabayit 150. Wasan ƙwallon da muke jira a lokacin, wanda aka sauya wa suna daga FIFA zuwa EA Sports FC a wannan shekara, yana neman 100. Ga shi kuma 500 ɗin da aka rubuta a kwali ba ta cika 500 a idon Windows, 465 za ka gani, saboda masu ƙerawa da dubu-dubu suke lissafi, ita kuwa da 1,024. In an cire wurin babbar manhaja, wasa uku manya sun cika ta. Wanda yake Turai in wuri ya ƙare masa sai ya goge wasa ɗaya, ran da ya so ya sake sauke shi daga intanet. Ni fa? Gigabayit 100 a wurina kuɗin data ne mai yawa, da kwana da kwanaki ana jira, ana addu'ar kada sabis ya yanke. Abin da na sauke sau ɗaya ba na son in sake biyan kuɗinsa.

Ya yi shiru, sannan ya jona mai faifan a kwamfutarsa ya buɗe wata manhaja mai suna CrystalDiskInfo, wadda ke nuna lafiyar ma'adana da yawan awannin da ta yi tana aiki. Ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Ta yi awa fiye da 20,000, wato sama da shekara biyu ke nan tana juyi in an haɗa dare da rana. Ya ce, "Lafiyarta ƙalau a yau, amma tsohuwa ce. Ka sani." Na ce na ji. A gaskiya ban ji ba, idona yana kan terabayit 2. Kallon kitse na yi wa rogo. Na biya, muka ɗaura ta, na rungumo kwamfutata zuwa gida kamar ango.

Zama Da Mai Faifai

Makonnin farko na ji daɗi. Na cika ta da wasanni har goma sha ɗaya, ina buɗe jerinsu ina kallo kamar manomin da ya cika rumbu. Kuma in faɗi gaskiya, da zarar an shiga fili an fara buga ƙwallo, ba wanda zai gane irin ma'adanar da ke ciki. Santsin motsi da kyan hoto aikin katin hoto ne da ƙwaƙwalwar kwamfuta. Wannan abu ne da mutane da yawa ba su fahimta ba, suna zaton sauya ma'adana zai ƙara yawan hotunan da ke gilmawa a daƙiƙa.

Matsalar tana wurin jira. Na taɓa aunawa da agogon waya, daga danna makunni zuwa lokacin da kwamfutar za ta natsu ta karɓi umarni, minti biyu da 'yan kai. Buɗe wasa wani jiran ne, shiga fili wani jiran. A wasannin da ake yawo cikin faffaɗar duniya kuwa, in doki ya zura da gudu sai hoto ya ɗan daskare, ko ka ga itace ya tsiro a gabanka bagatatan, saboda allura ba ta kawo shi a kan kari ba. Wanda wuta ba ta yanke masa zai ce minti biyu ba komai ba ne. Mu da akan kawo mana wuta a ɗauke kafin a gama murna, mun san darajar minti biyu. Sau da yawa wutar kan tafi ina kallon ɗan layin nan da ke cika a hankali, ban taɓa ƙwallo ko sau ɗaya ba. Wani abin kuma, cikin wasanni goma sha ɗayan nan, biyu kawai nake bugawa.

Muryar Baba

A nan ne labarin ya haɗu da karatunmu. Ni Bayarabe ne, kuma Hausar da nake taƙama da ita a shagon wani tela na tsince ta, wani dattijo Bakatsine da ke jikin gidanmu, wanda duk unguwa ke kira Baba. Ina ƙarami nakan zauna a gindin kekensa ina tsince ƙyallaye, yana aike na sayen zare da goro. Shi ya fara gyara mini bambancin "kai" da "ke", abin da ke ba mu wahala mu da harshenmu bai raba namiji da mace ba.

Da aka ba mu aikin nazarin aron kalmomi a aji, sai na tuna da shi. Kowa ya san kalmomi irin su ashana da akawu da Hausa ta aro daga Yarabanci tun da daɗewa, amma Hausar mazauna Agege cike take da wasu da ba su shiga ƙamus ba. Malamina ya ce in na tattara da kyau, abin zai iya zama kundin digirina. Na nemi izinin Baba, ya amince. Daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024 na yi zama goma sha bakwai da shi, ina ɗaukar muryarsa da waya. Wayar tawa ba ta da wuri, saboda haka duk zaman da na ɗauka sai in juye shi a kwamfuta in goge na wayar. Ai ina da terabayit 2, me zai dame ni?

Wata rana ya tambaye ni inda maganar tasa take tafiya. Na yi masa bayanin faifai da allura. Ya yi dariya ya ce, "Ashe garmaho ne ka saya, ɗana." Na ba shi labarin muhawararmu da abokina. Ya ci gaba da ɗinkinsa, can ya nuna mini teburinsa da almakashi. Ya ce yadin da zai yanka yau kaɗai ke hawa tebur, sauran suna cikin akwati a ƙurya. Sannan ya jawo wani tsohon littafi da ya rubuta awon mutane a ciki, ya ce wannan yana da ɗan'uwa a gida. Wata shekara ruwa ya shiga shago ya jiƙa littafin awo, ya sha kunyar bin mutane gida-gida yana sake gwada su, tun daga nan duk awon da ya ɗauka sai ya kwafe shi sau biyu. Ya ce, "Yadi in ya lalace ana sayen wani a kasuwa. Awon mutum kuwa sai mutumin." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Na rubuta maganar a matsayin misalin hikimar zance, ban ga cewa da ni yake ba.

Ranar Da Faifai Ya Yi Ƙara

Bayan ƙaramar Sallah ta 2024 jikin Baba ya matsa masa, 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi gida Katsina. Ba a yi wata ɗaya ba abin ya faru. Lokacin zafi ne, na ɗora akwatin kwamfutar a kan wata 'yar kujera kusa da taga don ya sha iska. Muna buga ƙwallo da abokai, wani ya ci ni a minti na ƙarshe, ya yi tsalle yana ihu, ƙafarsa ta harɗe waya. Akwatin ya kifo ƙasa alhali faifai yana tsakiyar juyi. Laifin nawa ne da na ajiye shi a wurin.

Hoto ya daskare. Na kashe na kunna, sai na ji wata ƙara daga ciki, ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon bango. Na sake kashewa na kunna, har sau biyar. Daga baya na gane cewa wannan shi ne mafi munin abin da zan yi, domin in allura ta daki faifai ta karce shi, kowane juyi ƙara ɓarna yake yi. A lokacin wasannina nake tunani da kuɗin datar da na zuba. Sai da na kwanta da dare abin ya faɗo mini. Na tashi zaune, gumi ya karyo mini. Muryar Baba tana ciki, kuma babu ita a ko'ina sai nan.

Gari na wayewa na kama hanyar Ikeja. Abokina ya kara ma'adanar a kunne, ya girgiza kai. Bai ce ai na gaya maka ba, kuma har yau ina ganin girmansa a kan haka. Ya ce, "Kada ka sake kunna ta. Bar mini ita." Ya jona ta da wata manhaja da ke kwafe abin da ke karantuwa tukuna, ta tsallake wuraren da suka lalace, sannan ta dawo tana lallaɓa su kaɗan-kaɗan. Kwana biyu ana wannan aiki, ni ke sayen man janareta don kada wuta ta yanke a tsakiya. Na ce masa ya manta da wasanni, burgamin da na sa wa suna Baba kawai nake so.

Cikin zama goma sha bakwai, goma sha uku suka fito lafiya. Huɗu sun tafi. A cikin huɗun har da wanda na fi so, ranar da ya ba ni labarin zuwansa Legas a jirgin ƙasa yana saurayi, a shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, wato 1973, da yadda ya fara da dakon goro kafin ya koyi ɗinki, da irin Yarabancin da ya fara koya a bakin mata masu sayar da abinci a tasha. Na ce ba komai, in ya warware ya dawo zan roƙe shi ya maimaita. Da damina ta yi nisa aka bugo waya cewa Allah ya yi masa rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Komawa Kasuwa

Bayan wata biyu na tara abin da ya samu na koma wurin abokina, na sayi marar faifai mai gigabayit 500, irin wadda na raina da farko, a kan kuɗin da ya fi na bara. Allon kwamfutata tsoho ne, ba shi da ramin NVMe, saboda haka ta SATA na ɗauka. Ya ce kada in damu, a yawancin wasanni bambancin da ke tsakanin su biyun 'yan daƙiƙoƙi ne, babban tsalle shi ne barin faifai.

Gani ya kori ji. Kwamfutar da ke cin minti biyu kafin ta farka ta koma tashi cikin daƙiƙa ashirin. Daskarewar nan ta tsakiyar gudu ta ragu ƙwarai, ƙarar juyi ta ɓace. Kyan hoto dai yana nan yadda yake, bai ƙaru ba. Na tambaye shi batun da ake yaɗawa cewa marar faifai tana da iyakar rubutu. Ya ce gaskiya ne, kowane gida a cikinta yana gajiya in an yi ta gogewa ana sake rubutawa, amma in duba lissafi. Samsung 870 EVO mai 500, alal misali, an yi mata alkawarin terabayit 300 na rubutu. Ko da mutum zai rubuta gigabayit 50 kullum, sai ya shekara goma sha shida kafin ya kai nan, kuma buga wasa karatu ne galibinsa, ba rubutu ba.

Da na ji haka sai na ce, shi ke nan na huta, tun da wannan ko ta faɗi ba abin da zai karce. Ya dube ni ya ce, "Har yanzu ba ka gane ba, mutumina. Mai faifai sau da yawa takan yi kuka kafin ta mutu, ka ga ai mun ceto goma sha uku. Wannan in ta tashi tafiya ba ta sallama. Jiya lafiya, yau kwamfuta ba ta ganinta, kuma ciro abu daga cikinta ya fi wuya." A nan ne maganar Baba ta dawo mini da ma'anarta. Na shafe wata da watanni ina auna sauri da yalwa, alhali akwai tambaya ta uku da ban yi wa kaina ba, wato cikin abin da nake ajiyewa, wanne ake samu a kasuwa, wanne ne kuma ba a samu?

Shawara Ga 'Yan'uwa Ɗalibai

Ga yadda na tsara abina yanzu, ko wani zai amfana. Marar faifai ita ce teburina. Babbar manhaja da wasa biyu da nake bugawa suna kanta, kuma ba na cika ta maƙil, domin in ta cika saurinta yakan ragu. Daga baya na ƙara wata mai faifai, ita ce akwatina. Wasan da na gaji da shi sai in mayar da shi can maimakon in goge, ran da na yi marmarinsa in dawo da shi ba tare da na sayi data ba. Manhajar Steam da ake sayen wasanni a cikinta tana ba da damar yin wannan ƙaura. Saboda haka wanda kuɗinsa ba su kai na biyu ba, ya fara da marar faifai ko da ƙarama ce, ya ƙara mai faifai in hali ya samu. Wanda zai sayi ta hannu kuma ya sa a duba masa awanninta da lafiyarta a gabansa, kuma ya ji abin da aka gaya masa. Akwatin kwamfuta a ajiye shi inda ƙafa ba ta kaiwa, in da hali a haɗa shi da na'urar riƙe wuta ta UPS.

Littafin awo kuwa, wato muryar Baba da babin kundina da hotunan iyayena, yana wuri uku. Ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash da ke cikin akwatin mahaifiyata, ɗaya a ma'ajiyar intanet. Dukansu ba su kai gigabayit 10 ba. Abin da ke ƙona mini rai ke nan in na tuna, filash ɗin da zai ɗauke zama goma sha bakwai ɗin nan gaba ɗaya bai kai kuɗin datar wasa ɗaya ba.

Kammalawa

A taƙaice, mai karatu, in tambayar ita ce wacce ta fi dacewa da wasa, amsar marar faifai ce, mai faifai kuma ta zauna a matsayin rumbu. Amma ina kira ga 'yan'uwana, musamman 'yan ajin ƙarshe da ke yawo da waya suna ɗaukar muryoyin tsofaffi da mawaƙa da masu sana'a, kowa ya tambayi kansa yau, ba gobe ba, wuri nawa abin da ya ɗauko yake ajiye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni ina da zama goma sha uku da nake saurara ina rubutawa, kuma a cikin na tara akwai inda Baba ya ce, "Kamar yadda na gaya maka rannan a labarin jirgi," sannan ya wuce. Duk sanda na zo wurin sai na tsayar da sautin na yi shiru, ina ƙoƙarin tuna abin da ya gaya mini.

In an ga kuskure a Hausata a gyara mini, har yanzu ɗalibi ne ni. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya jiƙan magabatanmu.